Dandalin Fasaha: Manhajojin haɗa kiɗa na kyauta da rigimar fulogin

Da yawa daga cikin saƙonnin da suka iso mini a 'yan makonnin nan daga Funtuwa, Malumfashi, Bakori, Ɗanja da Ƙafur magana ɗaya suke yi, sai dai kowa da inda ya ɓullo mata. Wani shugaban ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantarsu yana neman yadda za su haɗa sautin da zai raka wasansu ranar raba kyaututtuka. Wata 'yar aji biyar tana so ta naɗi waƙar da ta rubuta a kan karatun 'ya mace ba tare da ta je situdiyo ba. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne wanda ya ce kuɗin ƙwadagon da ya yi a gonar masara ya zuba a data, ya kwana yana sauke manhaja da fulogin har guda shida, gari ya waye ko ɗaya bai buɗe ba.

Saboda shi da ire-irensa na ware mako biyu ina gwada manhajojin haɗa kiɗa da ake samu kyauta, a kan wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka mai RAM gig 4, irin wadda yayyenku ke sayowa ta hannu daga titin Beirut a Kano. Da gangan na zaɓe ta, domin babu amfanin in gwada muku abu a kan injin da ba ku da irinsa. 'Yan aji shida, ku dai yanke wannan shafi ku adana sai bayan WAEC da NECO. Sauran kuma ku biyo ni.

Kyautar ma iri-iri ce

Akwai manhajar da masu ita suka sake ta gaba ɗaya, har da rubutun da aka gina ta da shi, kowa ya ɗauka, ya gyara, ya ba wanda ya ga dama. Audacity da LMMS suna wannan sahu. Ko ajinku duka ka kwafa wa a filashi, babu mai ce maka don me. Akwai kuma wadda kamfani ke bayarwa ba ko kwabo, amma sai ka yi rajista da imel, kuma har gobe mallakarsa ce, ranar da ya so ya sauya sharaɗi. Cakewalk, Waveform Free da BandLab haka suke. Ta uku kuwa ɗanɗano ce kawai, irin wanda mai kilishi ke yago maka don ka ji daɗi ka saya.

A sahu na ukun nan FL Studio take, wadda kusan duk wanda ya rubuto ya ambaci sunanta. Kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam ne ke yin ta, kuma Beljiyam ta gaske nake nufi, ba kayan gwanjo ba. Ta gwajin ba ta da wa'adi, za ka haɗa kiɗanka har ka fitar da shi MP3. Amma idan ka ajiye aikin ka rufe, ba za ta sake buɗe maka shi ba sai ka saya. Wato duk abin da za ka yi, a zama ɗaya za ka gama shi. A garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, kuma batirin kwamfutar ya tsufa, wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne. Ita ma Reaper ta gwaji ce, kwana 60 ake ba ka, daga nan a nemi dala 60 a hannun mai ƙaramin aiki.

Waɗanda na taɓa

Da Audacity na fara, kuma da ita nake so kowa ya fara. Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg ne suka soma gina ta a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka a 1999, aka sake ta ga jama'a a shekarar 2000. Fuskarta ba ta da kwalliya. Jan maɓalli na naɗa ne, kore na saurare, sai zanen muryarka ya bayyana kamar kunyoyin gona, ka yanke inda ka yi tari, ka matso da inda ka makara. Cikin rabin awa wanda bai taɓa ganin ta ba zai naɗi murya ya gyara. Ga ƙanwata mai waƙa da masu wasan kwaikwayo, wannan ta ishe ku a yanzu. Sai dai ku sani, aikinta naɗa da gyara ne. Ba a ƙirƙirar kiɗa daga babu a cikinta.

LMMS kuwa akasin haka take. An fara ta a 2004, kuma tana kama da FL Studio ta wajen tsari: ga jerin ƙananan akwatuna da za ka riƙa dannawa kana shuka bugun ganga, ga wani allo mai hoton fiyano a gefe inda za ka zana karin waƙa da linzami ko da ba ka iya kaɗa fiyano ba. Tana zuwa da kayan sautinta, ba ta kai megabait 50 ba wajen saukewa, kuma tsohuwar kwamfuta ba ta yi mata nishi. Ranar farko tagoginta suna da ruɗarwa, kowace ka buɗe sai ta hau kan 'yar'uwarta. Babban giɓinta shi ne sigar da aka tabbatar, wato 1.2.2 ta shekarar 2020, ba ta naɗar murya. Don haka aikin kan zama na haɗin gwiwa: ka haɗa kiɗa a LMMS, ka fitar da shi WAV, ka kai Audacity ka ɗora murya. Biyun nan idan aka haɗa su sun zama situdiyo guda, kuma babu wadda za ta tambaye ka imel ko intanet bayan ka sauke ta.

Cakewalk babbar gida ce. Da can sayar da ita ake yi da tsada da sunan Sonar, sai kamfanin BandLab na Singafo ya saye ta a 2018 ya sake ta kyauta, daga baya kuma ya dawo mata da tsohon sunan. Tana naɗa, tana haɗa kiɗa, tana tace sauti, duk a wuri guda, kuma idan ka buɗe teburin haɗa sautinta sai ka rantse a situdiyon Kano kake. Amma nauyinta ɗaruruwan megabait ne, sai Windows mai bit 64, kuma tana buƙatar ka riƙa shiga asusunka ta intanet lokaci zuwa lokaci. Waveform Free ta kamfanin Tracktion ta fi ta sauƙin nauyi, ba ta ƙayyade maka yawan layukan sauti, tana kuma aiki a Windows da Mac da Linux. GarageBand tana da kyau ƙwarai, sai dai ta masu kayan Apple ce kaɗai, don haka mu wuce.

Inda gizo ke saƙa

Duk wanda ya tashi a ƙasar noma ya san tarakta ita kaɗai ba ta huɗa. Sai an jona mata garma, ko haro, ko tirela, kowanne da aikinsa. To manhajar haɗa kiɗa ita ce taraktar, fulogin kuma shi ne abin da ake jona mata a baya: ƙaramar manhaja ce da ba ta aiki ita kaɗai sai a jikin babba. Wani fulogin sauti yake fitarwa, kamar fiyano ko ganga ko sarewa. Wani kuma sautin da ke akwai yake gyarawa, ya ƙara masa amsa-kuwwa, ya rage ƙarar iska, ko ya miƙar da muryar da ta kauce. Ku riƙe wannan bambanci da kyau, domin shi ne tarko na farko. Audacity masu gyara sauti kaɗai take karɓa. Duk kyan fulogin fiyano, idan ka kawo mata shi ba za ta ko nuna sunansa ba. Ba lalacewa ta yi ba, haka aka gina ta.

Tarko na biyu shi ne bakin jonawar. A 1996 kamfanin Steinberg na birnin Hambug a Jamus ya fito da tsarin da ake kira VST, wato yarjejeniyar yadda fulogin da manhaja za su yi magana da juna. A 1999 ya fito da VST2, wanda ya ba da damar yin fulogin masu fitar da sauti. A 2008 aka sami VST3. Sunayen sun yi kama, sai mutum ya ɗauka na uku ƙanen na biyu ne da zai shiga duk inda yayansa ya shiga. Ba haka ba ne. Bambancinsu kamar na cajar waya mai ƙaramin baki ne da ta Type-C, duka caja ne amma wannan ba ta shiga ramin waccan. A watan Oktoba na 2018 Steinberg ya daina ba sabbin masu ƙira lasisin yin VST2. Sakamakon haka sabbin fulogin da yawa VST3 kawai suke zuwa, alhali wasu manhajojin har yanzu VST2 suka sani.

Bari in ba ku misali guda da ya tattara komai. Surge XT fulogin ne mai fitar da sauti, kyauta, kuma yana cikin mafi kyau da za ku samu. Yana zuwa a VST3, ba ya zuwa a VST2. Ka kai shi LMMS 1.2.2, ba za ta gan shi ba, domin ita VST2 kawai take buɗewa, ta hanyar wani sashe nata mai suna VeSTige. Ka kai shi Audacity, wadda ta fara karɓar VST3 tun sigar 3.2 ta 2022, ita ma ba za ta buɗe shi ba, domin mai fitar da sauti ne. Ɗan ɓangaren gyaran sauti da ke zuwa tare da shi kaɗai za ta gani. Ka kai shi Cakewalk ko Waveform, nan take ya zauna daram. Fulogin ɗaya, manhaja huɗu, biyu sun ƙi shi bisa dalilai biyu mabambanta, kuma babu wanda ke da laifi a cikinsu. Ina kyautata zaton abin da ya sami ɗan'uwanmu mai fulogin shida ke nan.

Banda VST akwai wasu bakunan. AU na kayan Apple ne, AAX na manhajar Pro Tools ne, LV2 an fi samun sa a Linux, sai CLAP da ya fito a 2022. Ba sai kun haddace su ba. Ku dai dubi wutsiyar sunan fayil kafin ku danna saukewa, domin a nan ake ceton data. Wanda ya ƙare da .dll a Windows galibi VST2 ne. Mai .vst3 ya faɗi sunansa da kansa. Mai .dmg ko .pkg ko .component na Mac ne, ko shekara ka yi kana dannawa a Windows ba zai motsa ba. Mai .exe kuma ba zai taɓa hawa wayar Android ba.

Sai maganar bit, wadda ke da ɗan lissafi a ciki. Tsohon tsari mai bit 32 iyakar wuraren ajiya da zai iya ƙirgawa shi ne 2 a ninka da kanta sau 32, wato 4,294,967,296, abin da ya kama gig 4 ke nan. Shi ya sa aka koma bit 64, wanda ya zarce wannan iyaka nesa ba kusa ba. Ƙa'idar ita ce manhaja da fulogin su zama jinsi ɗaya. Audacity mai bit 64 ba ta buɗe fulogin mai bit 32. Wasu manhajojin suna da gada a ciki da ke tsallako da tsohon fulogin, kamar Cakewalk da Reaper da LMMS, amma gadar kan ƙara wa kwamfuta nauyi, wani lokaci kuma ta karye ana tsakiyar aiki. Tsofaffin fulogin da ke yawo a filashi daga hannu zuwa hannu yawancinsu bit 32 ne. Don sanin jinsin kwamfutarka, shiga Settings, sannan System, sannan About, za ka ga an rubuta. Idan Windows 11 ce a kai ba sai ka duba ba, bit 64 ce kawai ake yin ta.

Ko komai ya dace, saura wurin ajiya. VST3 yana da gidansa na dindindin, C:\Program Files\Common Files\VST3, kuma manhajoji can suke zuwa neman sa. VST2 ba shi da gida, duk inda ka jefa shi nan yake kwana, sai ka nuna wa manhaja wurin da kanka. Shawarata ku buɗe jaka guda ɗaya tak, ku sa mata suna, duk wani .dll ya tafi can. Idan fayil ɗin a dunƙule ya zo cikin zip, a warware shi tukuna. Bayan haka a umarci manhajar ta sake bincike, domin ba kowace ke lura da baƙo da kanta ba.

Wani lokacin kuma fulogin zai buɗe, sai ka ga baƙin allo, ko sauti ya riƙa tsinkewa kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi. A nan ƙarfin kwamfutar ne ya gaza. Vital, wanda Matt Tytel ya fitar a 2020, fulogin ne mai ban sha'awa kuma akwai na kyauta, amma yana buƙatar sashen hoton kwamfuta ya iya OpenGL 3, abin da wasu tsofaffin injina ba su da shi. Masu sautin goge da kayan busa na gaske irin na Turai kuwa, wasu sai sun haɗiye ɗaruruwan megabait kafin su yi ko tari. A kan RAM gig 4, ni dai ina ganin fulogin uku ko huɗu masu sauƙi sun fi ashirin da za su durƙusar da injin. TDR Nova don daidaita kauri da sirantar sauti, Valhalla Supermassive don amsa-kuwwa, sai guda na miƙar da murya. Sauran duk manhajar ta zo da nata.

Akwai wata matsalar da ake ɗora wa fulogin alhali ba tasa ba ce: ka yi magana a makirufo, sai bayan ɗan lokaci ka ji muryarka a kunne. Kwamfuta ba ta sarrafa sauti ɗigo-ɗigo, tara shi take yi a ɗan mudu sannan ta juye. A daƙiƙa guda ana ɗaukar ɗigon sauti 44,100. Idan mudun na cin 512 ne, raba 512 da 44,100, jinkirin ya kama kusan kashi 12 cikin dubu na daƙiƙa. Idan na 2048 ne ya haura kashi 46, kuma wannan kunne na jin sa sarai. Lokacin naɗa a rage mudun, lokacin tacewa a ƙara shi don injin ya huta. Wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna ASIO4ALL tana taimakawa a Windows. Abin sauraro na bulutut kuwa ku ajiye shi gefe, jinkirinsa ya fi na kowa. Mai igiya, ko na ɗari biyar ne, ya fi shi a wannan aiki.

Ina kalangu?

Wannan ita ce tambayar da ta fi tsaya mini a rai bayan na gama zagaye. A 1991 masu ƙera kayan kiɗa na zamani suka amince da jerin sautuka 128 da ake kira General MIDI, wanda fiyano da manhajoji da yawa ke bi har yau. A rukunin kayan gargajiya na jerin akwai sitar da shanai na Indiya, akwai koto da shamisen na Japan, akwai kalimba. Babu kalangu, babu kotso, babu gurmi, babu kuntigi irin na Ɗanmaraya Jos, balle algaita ko kakaki. Lokacin da situdiyoyin Kano suka rungumi fiyanon Yamaha a shekarun 1990, da sautukan da suka tarar a ciki suka yi aiki, suna neman wanda ya fi kusa da namu. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubutu a kan yadda wannan fiyano ya sauya kiɗan finafinan Hausa. Manhajojin kyauta na yau ma gadon da suka ci ke nan.

Ku kuwa a ƙasar kalangu kuke zaune. Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa, a Funtuwa ya yi zamansa, kuma da kalangu aka raka muryarsa har ya rasu a 1999. Daga Kahutu ta ƙaramar hukumar Ɗanja Dauda Rarara ya fito. Sautin da babu shi a cikin kowane fulogin yana nan a bikin unguwarku, da wurin gayya inda ake buga gangar noma, da tsakar gida inda iyaye mata ke kiɗan ƙwarya da shantu. Abin da ya rage a naɗe shi.

Ga yadda ake yi. A sami makaɗi, a gaishe shi da ladabi, a gaya masa abin da za a yi da sautin, a nemi izininsa, kuma kada a je hannu rabbana. A naɗa a ɗakin ƙasa mai rufin azara idan da hali, domin ɗakin siminti mai rufin kwano amsa-kuwwa yake yi, ranar ruwan sama kuwa ba a magana. Katifa da barguna a jikin bango suna shanye ƙara. Da sassafe ya fi, kafin injin niƙa da babura su tashi. A bar daƙiƙa biyar na shiru a farkon naɗin: Audacity tana da wani sashe mai suna Noise Reduction da za ka nuna masa wannan shirun, ya gane ƙarar ɗakin, ya tsame ta daga sauran. Kada a matsa masa da yawa, sai murya ta koma kamar daga cikin rijiya take fitowa.

Ganga mai sauti ɗaya, bugu guda ya isa. Ka yanke shi, ka ja shi cikin LMMS, ka shuka shi inda kake so. Kalangu ba ya yarda da haka. Makaɗi na matse tsarkiya a hammata yana sassautawa, sautin na hawa yana sauka a cikin bugu guda, shi ya sa ake cewa yana magana. Idan ka naɗi bugu ɗaya ka riƙa maimaita shi, abin da za ka samu gwangwani ne. Gara a naɗi zagaye cikakke na kiɗan, a daidaita saurin manhajar da na makaɗin, kada a tilasta wa makaɗin bin na'ura. A lura kuma, LMMS tana buɗewa da awon bugu huɗu-huɗu, alhali kiɗanmu da yawa a kan uku-uku ko shida yake tafiya, don haka a sauya awon tun kafin a fara. Makarantar da ke da ƙungiyar kwamfuta za ta iya ɗaukar wannan a matsayin aikin zango: a tara sautukan yankin, a haɗa su da manhajar Polyphone ta kyauta su zama fayil na SF2, wanda LMMS ke buɗewa kai tsaye.

Haka batun miƙar da murya yake. Auto-Tune na kamfanin Antares ya fito a 1997, kuma wanda ya ƙirƙiro shi, Andy Hildebrand, da lissafin binciken man fetur a ƙarƙashin ƙasa ya fara sana'a. Na kuɗi ne, amma Graillon da MAutoPitch suna da na kyauta masu irin aikinsa, kuma tunda masu gyara sauti ne, har Audacity na karɓar su idan bit ya dace. Sai dai Hausa harshe ne mai karin sauti. Baba mahaifi, baba 'yar'uwar mahaifi, da baba na rini, hawa da saukar murya ne ke raba su. Fulogin bai san wannan ba, shi dai ya ja murya zuwa sautin fiyano mafi kusa. Idan ka ƙure masa maɓalli, ko ka zaɓa masa ma'aunin da ba a kansa ka rera ba, sai ya take lanƙwasar da ke sa baiti ya yi daɗi. A kunnena kaɗan ya fi yawa amfani.

Kayan sata da kayan mutane

Na san a shagunan tura waƙoƙi ana samun FL Studio da manyan fulogin da aka fasa wa makulli, a zuba maka a filashi da kuɗi kaɗan. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya zauna ya fasa makullin ba don Allah ya yi ba, kuma irin waɗannan fayiloli sanannun hanyoyi ne na shigo da ƙwayar cutar kwamfuta mai satar kalmomin sirri ko kulle fayiloli. Alamar farko ita ce a ce sai ka kashe rigakafin kwamfutar kafin ka girka. Idan ta yayanka ce mai ɗauke da aikin digirinsa, ko ta ɗakin kwamfutar makaranta, ka ga inda za a kwana. Kowace manhaja a sauke ta daga shafin masu ita. A kwamfutar makaranta kuma sai da izinin malami. Audacity tana da sigar zip da ke tashi daga filashi ba tare da an girka komai ba.

Yankar wani sashe na waƙar wani ka ɗora a taka shi ma yana da hukunci. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Lissafa na Shata: 1999 a tara da 70, sai ƙarshen 2069. Kafin nan haƙƙin na magadansa ne. Ka saurara, ka koyi yadda ake ajiye baiti a kan kiɗa, amma abin da za ka fitar da sunanka ya zama naka ne ko wanda aka ba ka izini.

Masu waya kaɗai

Su ne mafi yawa, na sani. Manhajar BandLab tana aiki a Android, tana naɗar murya a layuka da yawa, tana da ganguna da fiyano da nata abin miƙar da murya. Amma babu wani VST da ke hawa wayar Android, ko na biyu ko na uku. Duk wanda ya ce zai tura maka fulogin kwamfuta a waya, ka riƙe kuɗinka. Da kayan da manhajar ta zo da su za ka yi aiki, kuma sun isa a fara. Tana cin data wajen ajiye aiki, kuma dandalin zumunta ce a lokaci guda, saboda haka ku duba saitin kafin ku ajiye, kada gwajin da kuka yi a ɗaki ya fita duniya ba da saninku ba. 'Yan mata musamman, a kula da saƙonnin baƙi masu alƙawarin mayar da mutum tauraro.

Idan za a ɗauki aiki daga waya zuwa kwamfuta, ko daga kwamfutarka zuwa ta abokinka, kada a dogara da fayil ɗin aikin shi kaɗai. Shi umarni ne kawai yake ɗauke da shi: a kira fulogin kaza, ya buga kaza. Idan babu wannan fulogin a ɗaya injin, layin shiru zai yi. Maganin shi ne a fitar da kowane layi daban a matsayin WAV, dukkansu daga farkon waƙar, ta yadda kowace manhaja za ta jera su daidai. WAV na minti ɗaya yana cin kusan megabait 10, MP3 na gama-gari kusan megabait 1, don haka WAV na aiki ne a filashi, MP3 na turawa abokai bayan an gama. Yatsa kuma ya saba da Ctrl da S duk bayan 'yan mintoci.

Wanda fulogin ya ƙi buɗe masa ya rubuto mini abubuwa huɗu: sunan manhajar da lambar sigarta, sunan fulogin, wutsiyar fayil ɗin, da bit ɗin kwamfutarsa. Da waɗannan za mu gano inda ta tsaya, in kawo amsoshin a wannan shafi. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu ɗauki naɗar murya da makirufon waya, tun daga tazarar baki zuwa yadda ake yin matatar iska da safa da wayar rataye kaya.